Na duba maganin basir sau ɗaya, talla ya hana ni sakat: wane saiti zan gyara a waya?

Wani bawan Allah ne ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Kwanakin baya na duba maganin basir a wayata da daddare, sau ɗaya tak. Tun daga ranar, kusan duk shafin da na buɗe sai na ci karo da tallan maganin. Ran nan a majalisa na miƙa wa abokina wayar ya duba sakamakon ƙwallo, ga tallan nan ɓaro-ɓaro a saman shafi, har yau tsokanata suke yi. Na koma amfani da Incognito amma ban ga canji ba. Shin wayar sauraron mutum take yi ne? Kuma wane saiti zan gyara? Tawa Android ce, Chrome nake amfani da shi. Ta maiɗakina iPhone ce."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma raba ka da 'yan majalisa lafiya.

Bari in fara sauke maka nauyin batun sauraro. Na daɗe ina ɗora wa 'yan kasuwa talla a intanet, ka ga ke nan ni a ɗaya ɓangaren nake zaune, inda ake zaɓar wanda talla zai bi. Ban taɓa ganin wurin da aka ce in zaɓi mutanen da suka faɗi kaza a hira ba. A 2018 masu bincike a Jami'ar Northeastern da ke Amurka sun gwada manhajojin Android sama da 17,000, ba su kama ko ɗaya tana naɗar murya a ɓoye tana aikawa ba, kodayake sun kama wasu suna ɗaukar hoton abin da ke kan allon waya suna turawa waje. Gaskiyar magana, masu talla ba sa bukatar kunne. Abin da ka rubuta da yatsanka ya ishe su.

Ka san yadda ake yi a kara gab da Babbar Sallah. Da an yi cinikin rago sai a shafa masa fenti a gadon baya, ko ya shige cikin raguna ɗari, mai shi zai gane abinsa. To haka aka yi wa burauzarka daren nan. Shafin da ka buɗe ba shi kaɗai ba ne a ɗakin. A cikinsa akwai 'yan guntayen lambobi na kamfanonin talla, waɗanda mai shafin ya ba su masauki, kai ba ka ganinsu. Ɗaya daga cikinsu ya ajiye maka ɗan ƙaramin fayil mai ɗauke da lamba, shi ake kira kuki. Wani injiniya mai suna Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1994, don shafi ya riƙa tuna mai ziyara, kuma har gobe yana da amfani: shi ya sa ba ka sake rubuta kalmar sirri duk lokacin da ka buɗe sabon shafi. Wannan kukin mai gida ne, ba shi da laifi. Matsalar tana ga kukin baƙo, wanda kamfanin talla ya ajiye. Kamfanin nan yana da masauki a shafin magani, yana da shi a shafin ƙwallo, yana da shi a shafin labarai. Duk inda ka leƙa sai ya ga fentinsa.

Ga abin da nake gani daga kujerata. Allo zai tambaye ni: mutanen da suka shiga shafinka cikin kwana nawa kake so tallan ya bi? In rubuta 30. A Facebook zan iya kaiwa kwana 180, a Google har 540. Sai in ƙara sharaɗi, ban da waɗanda suka riga suka saya. In danna, shi ke nan. Ban san sunanka ba, ban san unguwarku ba, kai dai lamba ce a cikin garke. Lokacin da abokinka ya buɗe shafin ƙwallon, kafin shafin ya gama fitowa an riga an yi gwanjon gurbin tallan a cikin ƙiftawar ido, wanda ya san fentinka shi ya fi taya kuɗi, ya cinye. A rubuce dai Google ya hana bin mutum da talla bisa larurar lafiyarsa. Amma shafukan ƙwallo da na sauke fina-finai da waƙoƙi sun cika da ƙananan dillalan talla da ba ruwansu da wannan ƙa'ida, kuma hasashena shi ne hannun irinsu ka faɗa.

Batun Incognito kuwa, wato shafin sirri na Chrome, ihu ka yi bayan hari. An riga an shafa fentin a burauzarka ta yau da kullum, kuma a can abokinka ya buɗe shafin ƙwallo. Da a Incognito ka yi binciken tun farko, da abin ya zo da sauƙi, domin Chrome yana toshe kukin baƙo a cikinsa, kuma yana zubar da komai da zarar ka rufe. Sai dai kada ka ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Aikinsa shi ne ɓoye tarihin bincike daga wanda zai ɗauki wayar bayanka, maiɗaki ko yara. Shafin da ka shiga yana ganinka, kamfanin layinka ya san inda ka je, kuma in ka shiga asusunka na Google ko Facebook a ciki, ka gabatar da kanka da bakinka. An ma kai Google ƙara a Amurka a 2020 kan wannan, cewa yana tattara bayanan mutane suna cikin Incognito. A sulhun da aka bayyana a 2024 kamfanin ya amince zai goge biliyoyin bayanai, ya kuma gyara rubutun da ke fitowa in ka buɗe shafin.

Yanzu ɗauko wayar mu yi aiki. Buɗe Chrome, danna ɗigo ukun da ke sama ta dama, shiga "Settings", sai "Privacy and security". Nemi "Third-party cookies" ka zaɓi "Block third-party cookies". In Chrome ɗinka tsoho ne, abin yana ƙarƙashin "Site settings", cikin "Cookies". A duk saitin Chrome babu wanda ya kai wannan nauyi. Amma ya hana sabon fenti ne kawai, tsohon yana nan. Don haka koma baya, shiga "Delete browsing data", lokaci ka zaɓi "All time", ka yi alama a kan "Cookies and site data", ka goge. Kafin ka danna, tsaya. Duk shafin da ka shiga da kalmar sirri zai fitar da kai: shafin makarantar yara, na neman aiki, Facebook ɗin da ake buɗewa ta burauza. Na sha ganin mutum ya zo hankali a tashe, ashe a shagon kwamfuta aka buɗe masa asusu shekara biyar da suka wuce, bai taɓa riƙe kalmar sirrin ba. Tabbatar kana da su a hannu tukuna.

Kana iya tambaya, in wannan maɓalli yana da amfani haka, me ya sa bai zo a kunne ba? Firefox, wata burauza irin Chrome, ya fara toshe kukis ɗin bibiya ga kowa da kowa tun Satumbar 2019. Safari na Apple, burauzar da ke kan iPhone, ya toshe kukin baƙo gaba ɗaya a Maris ɗin 2020. Google ya yi alkawari a Janairun 2020 cewa cikin shekara biyu zai kawar da su daga Chrome, ya yi ta ɗagewa, a Yulin 2024 ya ce ya fasa, a Afrilun 2025 ya tabbatar za su ci gaba da zama. Kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin shigar kamfanin daga talla yake. Ba a tsammanin mahauci ya yi wa mutane wa'azin barin nama.

A nan cikin "Privacy and security" kana iya ganin "Ad privacy", da maɓallai uku a ciki: "Ad topics", "Site-suggested ads" da "Ad measurement". Kashe su duka. Wannan tsari ne da Google ya fito da shi don burauzar da kanta ta riƙa lura da abin da kake so tana faɗa wa masu talla. A Oktoban 2025 kamfanin ya sanar zai jingine yawancinsa, saboda haka in ba ka gan shi ba, kada ka damu. Akwai kuma "Do Not Track". Roƙo ne kawai ake aika wa shafi cewa don Allah kada a bi ni, babu abin da ya tilasta masa ya ji. Apple ya cire shi daga Safari a 2019, Firefox ma ya cire a 2025. Wuce shi.

Wanda ba na so ka wuce shi ne "Notifications" da ke cikin "Site settings". Wani tallan ba a cikin shafi yake ba, daga saman waya yake saukowa kamar saƙon WhatsApp, wani lokacin da hoton da ba ka so yaro ya gani. Asalinsa shi ne wata rana wani shafi ya ce ka danna "Allow" kafin bidiyo ya buɗe, ko don ka nuna kai ba na'ura ba ce, ka danna. Ka ba shi lasisin yi maka sallama ko da tsakar dare. Shiga ka duba jerin shafukan da aka ba izini. Duk sunan da ba ka gane ba, toshe shi, sannan ka hana shafuka sake tambaya. Na taɓa buɗe wa wani dattijo wannan wuri, ya yi shiru yana kallon jerin, can ya ce, "Duk waɗannan a gidana suke kwana?"

To, in ka tsaya a nan, ka rufe ƙofa da ɓarawo. Kalmar nan da ka rubuta, a akwatin binciken Google ka rubuta ta, kuma wayar Android kusan kullum tana cikin asusunka na Gmail. Google ba ya bukatar kukin baƙo ya gane ka, ai a gidansa kake. Buɗe myactivity.google.com ka gani da idonka: abin da ka nema, da rana, da ƙarfe nawa. Goge wanda ya dame ka, sannan a "Web & App Activity" ko dai ka kashe shi, ko ka sa ya riƙa goge kansa duk wata 3. Daga nan ka je myadcenter.google.com ka kashe "Personalized ads". Sai kuma lambar talla ta wayar kanta, wadda manhajoji ke amfani da ita su gane ka. Shiga saitin waya, "Google", sai "Ads", ka danna "Delete advertising ID". Tecno da Infinix da itel da Samsung kowa da yadda ya jera saitinsa, in ka rasa shi rubuta "Ads" a akwatin nema da ke saman saitin. Da ka goge, duk manhajar da ta tambayi lambar, jerin sifili za a ba ta.

Akwai wata ƙofar baya da mutane ƙalilan ne suka san da ita, kuma a ganina ta fi duk sauran yoyo. In ka danna mahaɗi a cikin Facebook ko Instagram ko TikTok, shafin ba a Chrome yake buɗewa ba. Manhajar tana da tata burauzar a ciki, kuma duk gyaran da muka yi ɗazu bai shafe ta ba. A Agustan 2022 wani mai bincike, Felix Krause, ya nuna cewa waɗannan manhajoji a iPhone suna cusa lambobinsu a cikin shafukan da aka buɗe ta cikinsu, na TikTok har yana iya lura da abin da ake dannawa a kan madannai, kodayake kamfanin ya ce ba ya amfani da shi don haka. A Yunin 2025 kuma wasu masu bincike suka bankaɗo cewa lambar bibiya ta Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, da ke cikin shafuka tana magana kai tsaye da manhajar Facebook ko Instagram da ke kan wayar Android, ta haɗa abin da mutum ya duba a burauza da ainihin asusunsa, ko da a Incognito yake. Meta ya dakatar da dabarar da maganar ta fito fili. Mu ma nan gida ba baƙi ba ne a rikicin: a Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa.

Abin yi a nan ɗabi'a ce fiye da saiti. In shafi ya buɗe a cikin Facebook, danna ɗigo uku ka zaɓi a buɗe shi a burauzar waje, musamman in za ka rubuta lambar waya ko ta kati. Sannan a saitin Facebook shiga "Accounts Center", sai "Your information and permissions", sai "Your activity off Meta technologies". Za ka ga jerin shafuka da manhajojin da suka kai wa Meta labarinka. Goge na baya, ka yanke na gaba.

In ka tambaye ni abu ɗaya da ya fi duk wannan tone-tonen, zan ce ka yi wa wayarka burauza ta biyu. Bar Chrome don harkar yau da kullum, biyan kuɗi da aikin ofis. Sauko da Firefox ko Brave don abin da ya shafi lafiya, bashi, aure, ko duk abin da ba ka so ya bi ka majalisa, kuma kada ka taɓa shiga wani asusu a cikinta. A Firefox, je "Enhanced Tracking Protection" ka mayar da shi "Strict", sannan ka ƙara masa uBlock Origin mai toshe talla, abin da Chrome na waya ba ya yarda da shi sam. Ka canja masa injin bincike zuwa DuckDuckGo. Brave yana zuwa da katangarsa a ɗaure, ba sai ka taɓa komai ba, shi ya sa shi nake ɗora wa waɗanda ba sa son dogon bayani. Riba ta biyu ita ce data: tallan da bai sauko ba, ba a cire maka kuɗinsa ba. Dama can kura ce da shan bugu, kai kake sayen datar da ake nuna maka tallan da ita.

Dalilin raba burauza ya wuce kuki. Akwai wata dabara da ba ta ajiye komai a wayarka. Shafi zai tambayi burauza girman allonka, samfurin waya, harshe, agogon yankinku, yadda wayar ke zana hoto, ya harhaɗa su su zama kamar zanen yatsa. A 2010 ƙungiyar EFF ta Amurka, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta gwada burauza kusan 470,000, ta samu sama da kashi 80 cikin 100 kowace ta fita daban. Goge kuki ba ya wanke wannan. Sauƙin da mai waya yake da shi shi ne wayoyi 'yan samfuri ɗaya suna kama da juna, mai Infinix irin ta kowa ya fi sajewa cikin jama'a a kan mai wata kwamfuta ta musamman. Firefox a "Strict" da Brave da Safari duk suna ƙoƙarin rikita wannan zanen. Google kuwa daga Fabrairun 2025 ya sassauta ƙa'idar da ta hana masu talla amfani da dabarar, har hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta soki matakin.

Burauzar da kan zo a cikin waya tun daga kwali, mai cike da labarai da hotuna tun kafin ka rubuta komai, ita kanta allon talla ce. Opera Mini gwani ne wajen tattalin data, amma ka san hanyar: shafin yana bi ta kwamfutocin kamfanin ne a matse shi kafin ya iso maka. Ya dace da karanta labarai, ban ba ka shawarar kai masa sirri ba. UC Browser kuwa, tun 2015 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta nuna yana fitar da bayanan masu amfani ba tare da kariyar kirki ba. VPN na kyauta da ake ta yaɗawa, manhajar da ke ɓoye wa kamfanin layi inda kake shiga, gudun gara ne a faɗa gidan zago: ka ɓoye wa kamfanin layi, ka miƙa komai ga wanda ba ka san ko wane ne ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

In kana da ƙarfin hali, akwai "Private DNS" a saitin hanyar sadarwa na duk Android daga na 9 zuwa sama. Ka rubuta dns.adguard-dns.com a wurin, wayar za ta daina gane adireshin yawancin dillalan talla, a burauza da cikin manhajoji. Ba ya taɓa tallan YouTube ko na Facebook, domin daga gida ɗaya suke fitowa da abin da kake kallo. Kuma ka sani amanar adiresoshin da kake ziyarta ta koma hannun kamfanin AdGuard. In wata rana intanet ya ƙi a wani Wi-Fi, nan za ka fara dubawa, ka mayar da shi "Automatic".

Ta Hajiya, wato iPhone ɗin maiɗakinka, ba ta da wahala, Apple ya riga ya yi rabin aikin. Ta shiga "Settings", sai "Apps", sai "Safari", in tsohuwar iOS ce Safari yana nan kai tsaye a jerin. Ta tabbatar "Prevent Cross-Site Tracking" a kunne yake, ta sa "Hide IP Address" ya ɓoye ta daga masu bibiya. Can ƙasa cikin "Advanced" akwai "Advanced Tracking and Fingerprinting Protection", ta mayar da shi "All Browsing". Sannan a "Privacy & Security", cikin "Tracking", ta kashe "Allow Apps to Request to Track". Tsarin da ke bayan wannan ɗan maɓallin ya fara aiki gadan-gadan ne da iOS 14.5 a Afrilun 2021, kuma Meta da bakinsa ya ce zai jawo masa asarar kusan dala biliyan 10 a 2022. Duk wanda ya ce maka waɗannan saituna ado ne kawai, ka ba shi wannan lissafin.

Kada ka sa ran talla zai ƙare a Chrome. Yawansa yana nan, sai dai zai koma na kowa da kowa: cacar ƙwallo, bashin waya, taliya. Wani lokacin kuma toshe kukin baƙo kan sa shafin biyan kuɗi ya maƙale a daidai wurin tantance kati. In haka ta faru, danna alamar da ke gefen adireshin shafin ka ba shi izini na ɗan lokaci, ka gama ka mayar. Sannan in kai da Hajiya kuna jan intanet daga MiFi ɗaya ko hotspot ɗaya, adireshinku na intanet ɗaya ne a idon masu talla, abin da ɗaya ya duba kan iya leƙawa wayar ɗayan jefi-jefi.

Bayan ka gama, ba shi kwana biyu ko uku, sannan ka buɗe shafin ƙwallon nan kai kaɗai a ɗaki. In tallan ya sake fitowa, duba kusurwarsa ta sama, akwai 'yar ƙaramar alama ko harafin x. Danna ta, za ta nuna maka kamfanin da ya kawo shi, galibi kuma da zaɓin kada a sake nuna maka. In kuwa ka ga har a Firefox ɗin da ba ka taɓa bincika komai a ciki ba tallan yana nan, to ba kai yake bi ba. Mai maganin ya sayi gurbin ne don duk wanda ya buɗe shafin daga Najeriya, kuma abokin naka mai tsokana, in ya duba tasa wayar, shi ma zai same shi.